Ina zafin yake zuwa in ruwa ya tafasa amma digiri ya ƙi hawa?

Ƙanena, ka ce mushenku na fizik ya gaya muku in ruwa ya tafasa ko an ƙara mishi wuta ba ya wuce digiri 100, haka ma ƙanƙara in tana narkewa tana nan tsaye kan digiri 0 har ta ƙare, kai kuma abin da bai shige ka ba shi ne zafin da wutar ke ta bayarwa ina yake zuwa tunda termometa ba ta motsi. Madalla da wagga tambaya, na ji daɗinta ƙwarai don yara da yawa haddace abin kawai suke yi su rubuta ran jarabawa su manta. Zafin ba ya ɓacewa ko kaɗan, aiki yake yi, sai dai wani irin aiki ne da termometa ba ta iya gani, shi ya sa ake ce mishi ɓoyayyen zafi.

Sai ka fara raba abu biyu a kanka in ba haka ba komi zai cuɗe maka. Akwai yawan zafin da ya shiga cikin abu, wanga makamashi ne, da jul ko kilojul ake auna shi, kilojul guda jul dubu ne. Akwai kuma digirin da termometa ke nunawa. Cokali guda na ruwan da ya tafasa da cikakken bokiti na ruwan da ya tafasa digirinsu ɗaya, amma ai ka san icen da aka ƙona kafin a tafasa bokitin ba ɗaya ba ne da na cokali. Ita termometa abin da take gaya maka shi ne yadda ƙananan ƙwayoyin abu, molekul, suke motsi, in sun ƙara sauri digiri ya hau, in sun rage ya sauka. Iyakar saninta kenan.

To cikin ƙanƙara ƙwayoyin ruwa a jere suke, kowace ta riƙe maƙwabtanta gam, rawa kawai suke ɗan yi a inda suke ba sa iya barin wurin. In ka fito da ƙanƙara daga kwanjalatar tana digiri 10 ƙasa da sifili, zafin da ya fara shigarta rawar yake ƙarawa, digiri ya yi ta hawa har ya kai 0. Daga nan sai labari ya canza, duk zafin da ya shigo ba ya tafiya wajen ƙara sauri, yana tafiya ne wajen sassauta riƙon da ƙwayoyin suka yi ma juna don su samu damar zamewa su gudana. Muddin akwai sauran ƙanƙara cikin ruwan kuma kana juyawa, termometa na nan kan 0. Sai ƙwaya ta ƙarshe ta narke sannan digiri ya sake kama hawa. In aka kai wurin tafasa abin ya sake faruwa amma ya fi tsanani nesa ba kusa ba, don a nan ba sassauta riƙo ake ba, raba ƙwayoyin ake yi gaba ɗaya kowace ta tashi ita kaɗai cikin iska ta zama tururi.

Bari in ba ka lissafin don shi ke sa mutum ya yarda. Kilo guda na ruwa, kafin ka ɗaga shi da digiri ɗaya kana buƙatar kilojul 4.18, wato daga 0 zuwa 100 kilojul 418 kenan. Narkar da kilo guda na ƙanƙara, daga ƙanƙara mai digiri 0 zuwa ruwa mai digiri 0, ba tare da digiri ya motsa ko kaɗan ba, yana cin kilojul 334. Wanga zafin da a ce ruwa ka ba da ya kai shi digiri 80 daga sifili. Shi ya sa in ka zuba kilo guda na ruwa mai digiri 80 kan kilo guda na ƙanƙara mai digiri 0, abin da za ka samu ba ruwan ɗumi ba ne, ruwa ne kilo biyu mai digiri 0, duk zafin ya tafi wajen narkarwa. Sai babban kuma: mayar da kilo guda na ruwan da ya riga ya kai digiri 100 ya zama tururi yana cin kilojul kusan 2257. Duba fa, ya ninka abin da ka kashe daga 0 zuwa 100 fiye da sau biyar. In ka tara duka tun daga ƙanƙara mai digiri 10 ƙasa da sifili, 21 na ɗumama ƙanƙara, 334 na narkewa, 418 na ɗumama ruwa, 2257 na zama tururi, jimla 3030, kusan kashi uku cikin huɗu duk a matakin ƙarshe ya tafi. Kai ma ka sha ganin haka a gida, tukunya ba ta daɗewa ta tafasa amma kafin ruwan ya ƙone ƙarƙaf sai an jima sosai.

A takardar jarabawa ƙa'idar ita ce Q = m × L, Q yawan zafin da ya shiga ko ya fita, m nauyin abin a kilo, L kuma ɓoyayyen zafinshi na kowane kilo, kuma ka lura babu digiri cikin ƙa'idar don ba ya canzawa. Inda na fi ganin ɗalibai na faɗuwa shi ne su ɗauki ƙa'idar ɗumamawa guda su bi da ita tun daga ƙanƙara har tururi kamar babu tasha a hanya. Mataki mataki ake yi, kowane da lissafinshi, sannan a tara.

Wanda ya fara fito da maganar a fili wani likita ne masanin sinadarai ɗan Sikotlan, Joseph Black, yana koyarwa a jami'ar Gilasgo wajajen 1761 zuwa 1762. Kafin shi mutane na ɗauka da zaran ƙanƙara ta kai digirin narkewa ɗan zafi kaɗan ya isa ta narke duka. Shi kuma ya ce in da haka ne, ƙanƙarar da ke taruwa a ƙasarsu lokacin sanyi da rana guda za ta narke ambaliya ta cinye garuruwa, amma ga shi sai ta yi makonni tana narkewa sannu sannu, kenan akwai zafi mai yawa da take haɗiyewa. A jami'ar nan ce James Watt ke aikin gyaran kayan awo, sun san juna da Black, kuma shi ne ya gyara injin tururi ya ware wurin da tururi ke sanyaya dabam don a daina asarar zafi, ya samu takardar mallakar dabarar a 1769.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe, zafin nan ajiya ne, kamar kuɗin da ka ba amintacce ya riƙe maka, ba a ganinshi cikin aljihunka amma ran da aka juyo sai an maido shi cif cif. Tururi in ya koma ruwa yana sakin kilojul 2257 ɗin nan duka a kowane kilo, ruwa in ya daskare yana sakin 334 ɗin. Wanga shi ne dalilin da ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni ko da digirinsu ɗaya. Giram guda na ruwa mai digiri 100 in ya zuba maka ya sauko zuwa zafin jiki, 37, jul wajen 260 ya ba fatarka. Giram guda na tururi kuwa sai ya fara komawa ruwa a kan fatar ya sauke mata 2257, sannan ya ƙara mata 260 ɗin, kusan ninki goma kenan. Don Allah ka gaya ma su Inna da ƙannenka mata in za su buɗe tukunyar dambu ko madambaci su karkata murfin gefe can ba wajen fuska da hannu ba, kuma kada ka taɓa buɗe murfin lagireton mota injin na da zafi, ruwan ciki ya wuce digiri 100 matsi ne ya hana shi tafasa, kana buɗewa zai tafasa lokaci guda ya feso maka.

Maganar girki kuma abin na damuna gaskiya, ganin yadda ice da gawayi suka yi tsada ga daji na ƙarewa. In wake ko nama ya tafasa, ƙara tura ice ba ya sa ya nuna da wuri, ruwan na nan kan digirinshi, abin da ka ƙaru da shi kawai ruwa ya ƙone da sauri ka sake ƙarawa ka sake jira. Da ya tafasa a rage wuta ya riƙa ɗan ɓararraka a hankali, a rufe tukunya, don murfin na tare tururi ya koma ruwa ya maido wani sashe na zafin ciki. Mai son ya dahu da sauri sai ya nemi tukunyar matsi mai kulle murfi, ita tana hana tururi fita matsi ya ƙaru sai ruwan ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Daga nan ka gane 100 ɗin ma ba doka ba ce a ko'ina, a bakin teku ne take 100, mu nan Maraɗi da muke sama da teku da fiye da mita 350 ruwanmu kusa da 99 yake tafasa, kan manyan duwatsu ya fi haka sauka.

Ka tsaya wurin mai ƙosai wata safiya ka duba da kyau. Man gyaɗa na iya wuce digiri 100 nesa don shi ba nan yake tafasa ba, tana saka ƙullu sai ka ji caaa ga kumfa na tasowa ta ko'ina, wanga kumfa ba man ne ke tafasa ba, ruwan cikin ƙullun ne ke zama tururi yana gudu. Muddin akwai ruwa a cikin ƙosan tsakiyarshi ba ta wuce wajen 100, shi ya sa ciki ke da laushi, bayan kuma da ruwanshi ya ƙare shi ke ɗaukar zafin man ya yi ja ya yi ƙamas. In ta cika kasko da yawa lokaci guda sai man ya huce don ruwan ƙullun ya kwashe zafin, ƙosan ya sha mai. Masu ƙuli-ƙuli ma sun san in kumfa ta lafa ruwa ya ƙare, a yi maza a kwashe kafin ya ƙone.

Ba kuma dole sai ruwa ya tafasa yake zama tururi ba, wanki na bushewa kan igiya ai ba a digiri 100 ba. A kowane digiri akwai ƙwayoyin da suka fi sauran sauri suna kuɓucewa daga saman ruwan, kuma kowace ta tashi da kuɗin tafiyarta take tafiya, wajen kilojul 2400 a kilo in ruwan na zafin jiki ko na ɗaki, ta bar na baya da sanyi. Aikin randa kenan. Yumɓu na da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa waje yana bushewa, zafin bushewar daga jikin randa da ruwan ciki yake fita. Ɗauki randa mai lita 20, in giram 200 kacal suka bushe, kilojul 480 sun fita, kuma sauke lita 20 da digiri ɗaya kilojul wajen 84 ne, kenan a lissafi kusan digiri 6 ta sauka, a zahiri bai kai haka ba don iska mai zafi na maido wani. Saboda haka randar da aka shafa ma fenti ko siminti ta daina sanyi, wadda ta tsufa ƙofofinta suka toshe ma haka, kuma wurinta inuwa inda iska ke kaɗawa ba lungun ɗaki ba. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, da wagga hikima ya yaɗa tukunya cikin tukunya, a sa jiƙaƙƙen rairayi tsakaninsu a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, tumatir da tattasai da ganye su yi kwanaki ba su lalace ba babu kuran, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Masu lambu na bakin Gulbi da mata masu saida kayan miya ina ganin wagga dabara ta fi dacewa da su fiye da kowa, don kayanta duk muna da su.

Jikinka ma haka yake yi da zufa. Lita guda in ta bushe a kan fata ta kwashe wajen kilojul 2400, amma wadda ta ɗiga ƙasa ko ka share da hankici ba ta yi maka aikin komi ba, bushewar ce sanyin. Fanka ba ta sanyaya iskar ɗaki, kore iskar da ta jiƙe kusa da fatarka take yi don zufa ta samu bushewa. A watan Afrilu ana wuce digiri 40 amma iska a bushe take, zufa na fita tana bushewa nan take wani lokaci ma ba ka ganinta, sai dai ka yi ta shan ruwa don yana fita ba ka sani ba. In damina ta matso kuwa iska ta cika da laima, termometa na iya nuna ƙasa da na Afrilu amma ka ji gumi ya fi damunka, riga jagab, don iskar ba ta da wurin karɓar wani tururi. Wanga ne ya sa na'urar sanyi mai ruwa da ake zuba ma ruwa tana huro iska ke aiki sosai da bazara, a watan Agusta kuwa sai dai ta ƙara maka laima. Ɗan sanyin da kake ji in an goga maka alkol kafin allura shi ma wanga ne, alkol na saurin bushewa.

Firigo da kilim duk a kan wagga ƙa'ida aka gina su. Cikin bututunsu akwai wani ruwa da muke ce ma gaz wanda ke tafasa da sanyi ƙwarai, irin wanda ake kira R134a wajen digiri 26 ƙasa da sifili, wanda ake kira R600a wajen 12 ƙasa da sifili, in ba a matse su ba. Ana sakinshi cikin bututun da ke cikin firigo ya tafasa, zafin tafasar daga abincinka da ruwanka yake ɗauka. Kompiresa ta ja tururin ta matse shi ta tura shi bututun baya, can ya koma ruwa ya saki zafin a ɗaki, ya sake zagayowa. Shi ya sa bayan firigo ke da zafi, kuma manna shi da bango ko barin ƙura ta rufe ragar baya wahalar da shi ne da ƙarin kuɗin kuran. Buɗe ƙofarshi kuma don ɗaki ya yi sanyi aikin banza ne, abin da ya kwasa ta gaba ta baya yake zubarwa har da ƙari.

Masu saida ƙanƙara lokacin azumi sun fi kowa sanin ɓoyayyen zafi ko ba su san lissafinshi ba. Leda mai ruwa kilo guda, sauko da ita daga digiri 30 zuwa 0 kilojul wajen 125 ne, amma daskarar da ita 334, shi ya sa ruwa ke yin sanyi da wuri sannan a yi ta jira bai kama ba, ba lalacewa kwanjalatar ta yi ba, babban aikin ne take ciki. Kuma shi ya sa cikin kula ƙanƙara ta fi ruwan sanyi nesa: kilo guda na ruwa mai digiri 0 kafin ya kai 10 kilojul 42 kawai zai sha, ƙanƙara kuwa 376, kusan sau tara. In kuran ya ɗauke, kwanjalatar da ke cike da ledojin ƙanƙara ita ke jurewa, muddin ba a yi ta buɗe ta ba.

Butel ɗin gaz na girki in ka girgiza za ka ji ruwa ne a ciki, bitan, wato gaz ɗin da ke ciki, na tafasa kusa da digiri 0, in ka daɗe kana girki da wuta babba taɓa ƙasan butel ɗin za ka ji sanyi har ya yi raɓa. Maƙeran da ke zuba tukwanen alminiyom su ma suna jiran wagga tasha, ƙarfen na tsayawa kan digiri 660 yana shan wuta har ya gama narkewa. Akwai ma abubuwan da ke tsallake zama ruwa su tashi kai tsaye daga daskararre zuwa iska, kamar kafur da ake sawa cikin kaya ya yi ta ƙanƙancewa ba ka ga jiƙa ba, ƙanƙarar ruwa ma na iya haka kuma a nan kuɗin biyu ake biya a haɗe, wajen kilojul 2830 a kilo.

Hadari ma da shi yake tashi. Rana ta busar da ruwa can teku da dazuzzukan kudu, iskar damina ta kawo mana tururin da ajiyar zafinshi, in ya hau sama ya sanyaya ya koma ɗigon ruwa sai ya saki zafin cikin gajimare, iskar wurin ta ƙara ɗumi ta ƙara hawa ta jawo wata, shi ya sa kake ganin hadari na haɗuwa gabas ya yi ta tsawo cikin ɗan lokaci da iska mai ƙarfi a gabanshi.

In kana son ka gani da idonka, ka roƙi mushenku termometar labo wadda ke kai 110, ta asibiti ba ta yi don fashewa za ta yi. Daka ƙanƙara ka zuba cikin ƙaramar tukunya da ɗan ruwa, ɗora kan wuta kaɗan wadda ba ta canzawa, kana juyawa kana rubuta digiri kowane minti guda, kada kan termometar ya taɓa gindin tukunya. In ka zana abin a takarda za ka samu layi a kwance wajen 0, sai ya hau, sai ya sake kwantawa kusa da 99, kuma ka auna minti nawa ya ɗauka daga narkewa zuwa tafasa ka kwatanta da minti nawa rabin ruwan ya ɗauka kafin ya ƙone. Ka turo min lambobin da ka samu mu yi lissafin L tare.